Mahamane Espanye Ya Gasa Jita

Duk wanda ya zauna a Greensboro a shekarun nan ya san Mahamane Espanye, ko bai san shi a ido ba ya ji muryarsa. Direban tasi ne, mutumin Tahoua, dogo siriri mai tsinin gemu. Sunan Espanye kuwa shi ya laƙaba wa kansa, domin kafin ya iso Amurka ya ɗan ya da zango a ƙasar Sifaniya, kuma tun daga lokacin bai bar kunnuwanmu sun huta ba. In ka ce shayi ya yi daɗi, sai ya ce ba ka sha na birnin Sebiya ba. In ka ce ana zafi, sai ya ce kai dai ba ka san zafi ba. Ni har na kai in na hango motarsa a harabar masallaci ranar Juma'a, sai in bi ta ƙofar baya.

Abu ɗaya ne ya gagari bakin Mahamane, shi ne Hindou. Bazawara ce mai shagon kitso a High Point Road, mace mai natsuwa wadda ba ta ɓarnar magana. Ya daɗe yana zarya a shagon, yau lemo gobe kaza, ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum, wai sai ta yi shawara. A cikin duk ƙaryar Mahamane, son Hindou ne kaɗai gaskiya.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonta da na wani dattijo mai gyaran takalma, Bernardo, mutumin ƙasar Peru. In la'asar ta yi ciniki ya lafa, sai ya ɗauko jitarsa, matarsa kuma ta zauna a kan wani akwatin katako tana bugun gabansa da tafin hannu. Akwatin nan shi ne gangarsu, kahon suke ce masa. Wata la'asar a bazarar 2006 Mahamane ya shigo da ledar lemo yana surutu, sai Hindou ta ɗaga masa hannu, ta ce ya yi shiru tana sauraro. Kiɗan ne ke ratso bango, har ta lumshe ido.

Mahamane ya ji kishi ya soke shi. Ya ce, "Wanga shi ka sa ki rufe ido? Haba Hindou! Wanga ai kiɗin 'yan koyo na. Da ni aka yi flamenko a Sebiya, sai da wata tsohuwa ta suma."

"Kai kana kiɗa?"

"Tambaya kike? Ki tahi Espanye ki ambaci sunana, ki ga in za a bar ki ki biya kuɗin mota."

Hajiya Fassouma, yayar Hindou, tana zaune ana yi mata kitso. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "To ai ta zo gidan sauƙi. Ga fetin uku ga Agusta nan tafe, bikin 'yancin kai, duk 'yan Nijar za su taru. Sai mu ma mu suma."

Hindou ta dube shi da kyau, ta ce, "In ka kaɗa mini irin wannan a gaban jama'a ranar, washegari ka turo magabatanka."

Mutum mai hankali da a nan zai ce wasa yake yi. Mahamane sai ya bugi ƙirji ya ce ta sa a fara share gida.

Bai da jita, bai taɓa riƙe ta ba ma. Don haka ya ja abokinsa Zabeirou, shi ma direba, mutum mai gardamar tsiya, suka shiga shagon Bernardo neman aro. Da dattijon ya ji an ce Mahamane ya zauna a Sifaniya, sai murna ta kama shi, ya saki yaren Sifaniya, wanda shi ne na ƙasarsu, kamar an buɗe famfo. Ya yi ta zuba yana nuna jitar, yana nuna rana, yana girgiza yatsa. Mahamane yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Si, si, hefe," wato to, to, maigida.

Zabeirou ya zungure shi. "Mi ya ce?"

"Ya ce bai taɓa ganin yatsun makaɗi irin nawa ba."

Da ɗan Turancin da suke kame-kame da shi Bernardo ya gane maganar aure ce, sai zuciyarsa ta yi taushi. Ya ce jitar ta mahaifinsa ce, da ita tsohon ya shawo kan mahaifiyarsa a ƙofar gidansu, kuma ita kaɗai ya ɗauko daga gida da zai yi ƙaura. Ya shafa ta, ya miƙa wa Mahamane da hannu biyu. Ya haɗa masa da akwatin, ya ce, "Kahon."

Da suka isa ɗakin Mahamane sai ya ce a fito da gangar a gani. A tunaninsa tana cikin akwatin. Ya ga wani rami a bayansa, ya zura hannu har kafaɗa, bai taɓo komai ba. Ya ɗauko sukurdireba ya kwance allon gaban gaba ɗaya. Wayam.

"Tsohon nan ya manta bai saka gangar ba," in ji shi.

Zabeirou ya ce, "Ni fa na taɓa leƙawa, na ga matar zaune bisa akwatin tana bugu. Shi ne gangar."

Mahamane ko gezau. "Na sani mana! Gwada ka nike. Kai ka taɓa ganin ganga ba fata? Fatar ta cinye, talauci ya sa suke bugun katako. A Espanye in ka bugi kahon ba fata, tara za a ci ka."

"Tara?"

"Da ɗauri."

Washegari ya tafi wata gona a Summerfield inda mutanenmu ke zuwa yankan suna, ya dawo da ɗanyar fatar bunsuru a cikin baƙar leda. Ba jima, ba gishiri, ko gashin bai kankare ba. Ya shimfiɗa ta a bakin akwatin ya bi ta da ƙusoshi. Allon da ya cire kuwa ya zama tiren shayi.

Ba a jima ba Anti Bebi, 'yar Kumasi da ke ɗakin da ke kallon nasa, ta zo tana dukan ƙofa da gyale a hanci.

"Ei, Mahamane! Wani abu ya mutu a ɗakinka?"

"Anti, kiɗin Turai ne muke shiryawa."

"Chale, in haka kiɗin Turai yake wari, gara ka koma kalangu. Zan kira manaja fa!"

Jitar ma ba ta tsira ba. Ya yi ta murɗa kunnuwanta har tsirkiya biyu suka tsinke. Maimakon ya tsorata, sai ya ce dama igiyar roba ta masu kamun kifi ce, ba ta maza ba. Ya tuna masu kuntigi a gida da wayar birkin keke suke yi, ya samo wayar ya ɗaura. Da ya ji ta fi ƙara sai ya cire sauran ma, ya mayar da su duka waya, ya ɗaure su tam har wuyan jitar ya fara ɗan lanƙwasa.

Saura 'yan tafi. Ya tara wasu direbobi a wajen ajiye motoci bayan shagon Larabawa, ya ce su ne 'yan amshinsa. Ya ce a flamenko tafi shi ne rai, kuma doka ɗaya ce, ko sama za ta faɗo ba a tsayawa sai shi ya ɗaga hannu. Ya ƙirga musu uno, dos, tires, suka fara. Mutumin Damagaram yana tafin gaɗa, na Maraɗi yana na 'yan dambe, wani Bazabarme kuma yana nasa can daban. Mahamane ya rufe ido yana jinjina kai, ya ce ko a Sebiya sai an tona kafin a sami irinsu.

Ranar fet aka taru a wani filin shaƙatawa a Pleasant Garden. Motoci sun cika wuri, mata sun sha shadda da leshi, ga kuloli na dambu da shinkafa jere a kan tebura, yara suna guje-guje suna ihu da Turanci. Aka kafa tutar Nijar a jikin rumfa. Can gefe Ɗantala, wani Bakano da ake ɗaukowa duk taro don tsire, ya hura garwashi yana fifita.

Sai ga Mahamane ya fito daga mota. Baƙin wando ne a jikinsa wanda ya ɗame shi har ba ya iya taku sosai, da takalmi mai dunduniya, da wata jar riga mai fuka-fukai a ƙirji da ya tsinto a shagon gwanjo. Hajiya Fassouma ta dube shi sama da ƙasa.

"Mahamane, rigar nan ba ta mata ba ce? Ga maɓallanta a hagu."

"Hajiya, haka mazan Espanye ke sawa."

"Allah ya kyauta wa mazan Espanye."

Ya zauna bayan rumfa ya ɗan taɓa jitar, ya ji sautin bai yi masa ba, ko da yake ba jitar ce da laifi ba. Ya bugi fatar akwatin, ta ce ɓab, kamar an mari ƙullun tuwo. Sai ya yi murmushin wanda ya gano bakin zaren. Ya ce sanyin na'urar mota ne ya kama su. Tun yana yaro ya ga makaɗa suna kanga gangunansu a bakin wuta kafin wasa don fata ta ɗame, murya ta fito. Ya rungumi jita, Zabeirou ya ɗauki akwati yana kau da hanci, suka nufi wurin Ɗantala.

"Bakano, matso mini da garwashi."

Ɗantala ya ce, "Malam Mahamane, jitar za a gasa? Da yaji ko ba yaji?"

"Kai mi ka sani ga kiɗi? Ba ka taɓa ganin ana gasa ganga ba?"

"Na gani. Amma ganga fata ce, wannan kuwa katako ne da gam."

"Duk abin kiɗi ɗan wuta na. Ka ji da namanka."

"To ka ɗan janye wancan akwatin, don Allah. Kada mutane su zaci namana ne ke wannan warin."

Mahamane ya jingina jitar daf da murhu, ga wuta ta gaba, ga ranar Agusta ta baya. Jim kaɗan fentin jikinta ya fara tasowa ƙuraje-ƙuraje. Zabeirou ya nuna masa, Mahamane ya ce gumi take yi, lafiya ce ke shigarta. Fatar bunsuru kuwa da ta ji wuta sai ta saki abin da ke cikinta. Ƙudajen Pleasant Garden kaf suka hallara. Wani ƙaton kare na wasu Turawa da ke cin abincinsu a rumfar gaba ya taso yana shinshina, mata suka tattare zannuwa suna a'uzubillahi, sai da mai shi ya zo ya ja shi da ƙyar. Karen ya koma ya kwanta, amma idonsa na kan akwatin.

Alhaji Yahya, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, ya gama dogon jawabinsa kan haɗin kai, sannan ya ce yanzu ɗan'uwa Mahamane zai nuna wa jama'a abin da ya koyo a Turai. Aka yi tafi. Mahamane ya ɗauko jitar, ta ƙona masa hannu, ya daure. Zabeirou ya haye akwati. 'Yan amshi suka jeru.

Da ya ɗaga kai sai ya ga abin da bai shirya masa ba. A sahun gaba, kusa da Hindou, ga Bernardo da matarsa sun ci ado, dattijon har da hular malfa, yana ɗaga masa hannu cikin fara'a. Hindou ce ta gayyato su. Murmushin Bernardo bai daɗe ba, domin idonsa ya sauka kan fatar bunsuru, ya koma kan wayoyin birki. Matarsa ta dafe ƙirji.

Gumi ya karyo wa Mahamane, amma bakin da ya kawo shi nan bai san hanyar komawa ba. Ya daki ƙasa da dunduniya, ya ƙirga uno, dos, tires, 'yan amshi suka ɓarke da tafi kowa da na garinsu. Ya wage baki ya ja wani dogon kuka, "Ayyyyy!" irin wanda ya taɓa gani a talabijin. Wata tsohuwa a baya ta saki cokali ta ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?"

Sannan ya tattara yatsunsa ya kai wa wayoyin nan duka da iya ƙarfinsa.

Fas! Ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi, wanda masu molo ke kira jaki, ya ɓalle daga jikin jitar, don gam ɗin ya riga ya narke. Ya yi sama da wayoyinsa, ya tsinke ya tafi, ya daki kunnen Alhaji Yahya ya yi gaba da hularsa cikin kular zoɓo. Fuskar jitar ta tsage tun daga rami har ƙasa. Wata waya ta lauyo ta sarƙe gemun Mahamane da fuka-fukan rigarsa, ya kasa ɗaga kai, ya kasa sauke shi.

Ƙarar ce ta zaburar da karen. Ya fizge igiyarsa, ya ratso tsakiyar mata, ya cafki gefen fatar bunsuru ya ja. Akwatin da aka raba da allonsa, aka huda da ƙusoshi, aka kuma gasa, bai da sauran ƙarfin gardama. Ya wargaje a ƙarƙashin Zabeirou, sai ga mutum a ƙasa ƙafafu a sama, kare kuma ya bi daji da fata. 'Yan amshi suna ta tafi abinsu, tunda ba a ɗaga musu hannu ba.

Dariyar da aka yi a wurin ban taɓa jin irinta ba. Ɗantala har da kwanciya a kan ciyawa. Ni ma na yi, sai da tsire ya sarƙe ni.

Amma da Bernardo ya miƙe sai dariyar ta fara mutuwa. Dattijon ya cire hularsa, ya tako a hankali, ya zare jitar daga hannun Mahamane. Ya shafa tsagar da babban yatsansa. Ya durƙusa yana tsintar guntayen katako yana zubawa a cikin hular. 'Yan amshi suka ga abin ya wuce wasa, suka sauke hannuwa ɗaya bayan ɗaya. A nan haushi ya kama ni, na ji da ma jakin nan bakin Mahamane ya samu.

Bernardo ya ɗago ya yi masa magana a hankali da yarensu. Mahamane, gemu a sarƙe, ya ce, "Si, si, hefe."

Khairiyya, wata ma'aikaciyar jinya da ta iya yaren saboda aikin asibiti, ta ce, "Kawu, tambayarka yake ko da gangan ka yi masa haka. Kai kuma ka ce e."

Hindou ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mahamane, ba shi haƙuri da yarensu. Ai ka iya."

Mahamane ya juya ga Bernardo. "Tomate," in ji shi. "Kaha. Manyana, hefe."

Khairiyya ta ce, "Ya ce tumatir, kwali, gobe, maigida."

Zabeirou, wanda ke zaune a ƙasa yana cire tsinken katako daga wandonsa, ya kasa haƙuri. "Ai iyakarta ke nan! Damina ɗaya ya yi cikin rumfar leda yana tsinkar tumatir! Sebiyar ma ta tagar bas ya gan ta, shi ya gaya mini da bakinsa!"

Wani da a nan zai nemi ƙasa ta tsage ya shige. Mahamane sai ya samu ya ɓalle gemunsa daga waya, ya gyara fuka-fukan riga, ya matso kusa da Hindou.

"Jitar ce ta tsufa, kowa ya gani. Amma ai kin ji farkon, farkon ya yi. To maganarmu fa?"

"Tana nan," in ji Hindou. "Gobe ka turo magabatanka."

Fuskarsa ta washe, har ya juya zai dubi Hajiya Fassouma da ido na nasara.

"Su sa manyan riguna, su riƙo goro," ta ci gaba, tana nuna Bernardo da ke rungume da jitarsa. "Gidan bawan Allahn nan za su. Shi za su roƙa, ba ni ba."

Haka kuwa aka yi. Washegari da hantsi dattawan da Mahamane ya riga ya yi wa magana tun da wuri, har ya saya wa ɗayansu sabon turare, suka shiga tasinsa da ƙullin goro da alewa, Alhaji Yahya a gaba da filasta a kunne. Suka zauna a falon Bernardo, Khairiyya na fassara, suka ba da haƙuri, suka ɗauki alkawarin za a kai jitar wurin mai gyara ko da ba za ta koma yadda take ba. Dattijon ya karɓi goro don kara, ya gatsa, ɗaci ya sa idonsa ya kawo ruwa, dattawa suka ce Allah sarki, mutumin kirki, har ya yafe. Mahamane dai a mota aka bar shi, Alhaji ya ce in ya sake ya fito sai ya saɓa masa.

A hanyar komawa dole a bi ta High Point Road. Da suka zo daidai shagon kitso sai Mahamane ya rage gudu, ya leƙa madubi ya ga ƙullin goron bai ƙare ba.

"Alhaji," ya ce, "tunda ga mu ga riguna, ga sauran goro, ko mu ɗan tsaya a gaisa?"

Hindou tana tsaye a bakin ƙofar gilashi. Ta ga motar, ta ga mai tuƙin, ta sa hannu ta murza makulli daga ciki.

Alhaji Yahya ya dafe kunnensa mai ciwo, ya ce, "Tuƙa."